Miji na ɗauke da ƙanjamau, ya ce kada matansa su ji: nas ta faɗa ko ta yi shiru?

Maman Ikram: Salamu alaikum. Ga maganar da muka fara a wajen bita ba mu ƙarasa ba. Magidanci mai mata biyu, gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, an ɗora shi kan magani, ya ce ko da wasa kada iyalinsa su ji. Amaryar tana da ciki, kuma a asibitin take awo. Ni dai magana ɗaya gare ni: nas ɗin da ta san haka ta kama bakinta, da hannunta a duk abin da ya samu matan nan. Ta kira su ta gaya musu, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam. Anti, a nan kam mun rabu. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko wata doka ta tilasta, ko ɓoyewar ta zama babbar barazana ga lafiyar al'umma. Ki ma ajiye doka gefe. Kin san irin wahalar da muke sha kafin namiji ya miƙo yatsa a gwada shi. Ranar da aka ji a majalisa cewa nas ta kai labari gidan wane, ba za mu sake ganin ƙeyar maza a ɗakin gwaji ba. Shi kansa mutumin zai jefar da katinsa ya daina karɓar magani, kuma miji mara shan magani ya fi zama haɗari ga matansa.

Maman Ikram: To a shekarar nan ta 2014 ɗin aka sa hannu kan dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau, kuma ita ta ce wanda ke zaman aure yana da haƙƙin sanin matsayin abokin zamansa idan yana ganin zai iya kamuwa. Don me ka tsallake wannan?

Baban Sadiq: Ban tsallake ba. Haƙƙinta na sani daban, nas ta ɗaga waya da ikon kanta daban.

Auta: Ku yi haƙuri manya, ɗaliba ce ke tambaya. A aji an koya mana ginshiƙai huɗu: mutunta zaɓin mara lafiya, kyautata masa, guje wa cutarwa, da adalci. To a nan na farko da na uku sun yi karo. Wanne ake fara bi? Kuma ai ita amaryar ma majinyaciyarmu ce tunda da katinta a wurinmu.

Sista Talatu: Auta, kin fi su gano inda gizo ke saƙa. Amma bari in juya muku labarin, don mu a ɗakin awo ta ɗaya ɓangaren muke ganinsa. Mace ce ake fara gwadawa, saboda ita ke zuwa da ciki, shi kuwa yana kasuwa. Sakamako ya fito, ta riƙe hannunki tana kuka, tana cewa Sista ki rufa min asiri, in ya ji yau zai miƙo min takardata. Sau da yawa ma ba a san wa ya kawo ciwon gidan ba, amma wadda aka fara gwadawa ita ce za ta ɗauki sunan. Maman Ikram, wannan dokar taki ta "a kira a faɗa", in aka kafa ta, kan mata za ta fi sauka. Ki yi tunani.

Malam Nas: Ta fuskar addini, sirrin mara lafiya amana ne, babu ja. Amma akwai hadisin "la darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce asali shi ne likita ya riƙe sirri, sai inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa. Ta kuma ɗora wa wanda ya kamu cikin ma'aurata nauyin sanar da ɗayan. Don haka laifin farko na mijin ne, kuma ya kamata a faɗa masa haka ƙarara, ba a yi ta lallashi kawai ba.

Baban Sadiq: A Kano ai tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure.

Sista Talatu: Ta kare wadda za a auro. Wadda ta shekara goma sha a ɗaki fa?

Hajiya Metiron: Na karanta duka. Ikram, zafinki na gaskiya ne, amma kun sa abin kamar ƙofa biyu ce kacal, ko a faɗa ko a yi gum. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin taimaka wa mai cutar ya sanar da abokin zamansa, kuma shi muke bi. Ana ba shi zaɓi. Ko ya faɗa da kansa cikin wa'adin da aka yi yarjejeniya a kai, in ya wuce bai yi ba ma'aikaci ya tuntuɓi matan. Ko ya kawo su a zauna tare, ke ki yi bayanin, don yawancinsu ba mugunta ba ce, bakin fara maganar ne ba su da shi. Ko ma'aikaci ya gayyace su gwaji ba tare da ambatar sunansa ba. Duka da yardarsa ake yi.

Ita amarya da sauƙi. Gwajin yana cikin awo, kuma ana maimaita shi a ƙarshen ciki. In tana ɗauke da shi a fara mata magani nan take. Ba tare da kulawa ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke kamuwa daga uwa. Da magani sai ya koma ƙasa da 5. In ba ta ɗauke da shi, akwai ƙwayar rigakafi da mai lafiya ke sha kullum.

In ya kafe bayan an bi duk wannan, ki rubuta a fayil abin da aka gaya masa da amsarsa, ki kai wa likitan da ke duba shi da shugabar sashe. In har za a buɗe sirrin, asibiti ne zai yanke, a sanar da shi tukuna, a faɗa wa wadda abin ya shafa ita kaɗai. Ba surukai, ba maƙwabciya, ba hira a ɗakin canza kaya.

Maman Ikram: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma ku dubi nan. Gayyatar da babu suna, a gidan da mace ba ta san wani namiji ba sai mijinta, ai an ambaci sunan an gama. Kuma da wane izini za ta fito? Shi za ta tambaya. Sannan ana ta cewa in ƙwayar ta kwanta a jini ba ya yaɗa ta. Gaskiya ne, amma hakan kan ɗauki har wata shida yana shan magani ba fashi. Cikin wata shidan nan rabon kwana bai tsaya ba. Wanda ya ƙi faɗa kuwa ba zai sa kwaroron roba ba, don sanya shi ma faɗa ne.

Hajiya Metiron: Shi ya sa wa'adin na makonni ne, ba watanni ba. Kuma rigakafin da na ambata ma, mace ba za ta sha ba sai ta san dalili. Wannan na ba ki.

Sista Talatu: Ba ki amsa min ba fa. In amaryar ce aka samu da shi ta ce kada miji ya ji, za ki kira shi?

Maman Ikram: Ba zan yi gaggawa ba. Ita saki da duka take tsoro, shi kunya yake gudu. Ba ɗaya ba ne.

Baban Sadiq: Shi ma jininsa jini ne, Anti. Kuma ta kansa ciwon zai isa ɗakin uwargida.

Auta: To ita uwargidan, da ba ta da ciki ba ta da kati, ta wace hanya za ta zo hannunmu?

Hajiya Metiron: Ta hanyar 'ya'yanta. Tsarin ya haɗa da gwada yaran wanda aka samu da cutar, kuma uba ya fi saurin yarda a duba yara. Ita za ta kawo su, sai a yi mata tayin gwaji kamar yadda ake yi wa kowa. Sadiq, kai ke ɗakin maganin, ka fara masa ta nan in ya zo karɓa.