"Gani ya kori ji", wai ta hau kan littafin da aka mayar fim?

Ɗan Ƙofar Sauri: Salam jama'a, ku raba mana gardama. Jiya a majalisa ana hirar Game of Thrones, ni na karanta littattafan duka biyar, abokina fim ɗin kawai ya kalla, ina ce mashi an yanke abubuwa da yawa sai ya ce min ai gani ya kori ji, wai tunda ya gani da ido ba ya buƙatar labarina. Abun ya tsaya min a rai har na kwanta. A irin wannan wurin ake faɗinta?

Badauriya: Wa alaikumussalam. Ni dai a gidanmu ana faɗinta ne in an daɗe ana ba ka labarin abu sai ranar ka je ka gani da kanka, kamar a ce maka amarya kyakkyawa ce ranar kai lefe ka gan ta. To amma fim ai ba abun ka gani ba, ɗan wasa ka gani an sa mashi kaya.

Malamin Hausa: Badauriya kin taɓo wurin. Karin maganar ta shaida ce, ganau da jiyau. Tana aiki ne in abun da aka ji da wanda aka gani guda ne. Wanda ya kalli fim ba ganau ba ne, shi ma jiyau ne, darakta ya karanta sannan ya ba shi labari da kyamara. In ma akwai wanda ya fi kusa da tushe to mai karatun ne.

Na Bakin Kasuwa: Allah gafarta malam, ban yarda duka ba. Littafin farko tun 1996 ya fito, mu nan wa ya san da shi? Sai da gidan talabijin na HBO suka fara haska fim ɗin a 2011 sannan yara suka dinga zuwa shagon turi ana zuba masu a waya, wanda ko turancin bai ji yana bin labarin saboda yana ganin dodon yana feso wuta. Idon ya kai inda kunnen bai kai ba, in ba gani ya kori ji ba mi za a kira wannan?

Badauriya: Yaya ai kalmar kori ɗin ce ke min ciwo. Tun muna yara kaka ke ba mu labarin macijin rijiyar Kusugu da dare, yadda yake hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa ta ce babu. Wallahi macijin da ke cikin kaina ya cika bakin rijiyar nan dam, in ta zo wurin da ya fasa kai sai in cusa ƙafafuna cikin zanenta, kuma na san na ƙanwata daban yake da nawa. Ranar da wani zai haɗa shi da kwamfuta ya nuna a talabijin, duk yaran Daura maciji ɗaya za su dinga gani, nasu na cikin kai ya tafi. An kore shi ɗin kuwa, amma ni asara nake gani ba riba ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Abun da ya same ni kenan, yanzu ko na buɗe littafin fuskar 'yan wasan nake gani, na manta yadda na fara zana su.

Malamin Hausa: In karin magana kuke nema ma wanda ya dace da wancan fim ɗin, riga malam masallaci ne. Marubucin, George Martin, ya tsaya a littafi na biyar tun 2011, masu fim ɗin kuma ba su jira shi ba, daga wajen zango na shida suka wuce shi suka ci gaba da kansu har suka rufe a 2019 da zango takwas masu kashi 73 gaba ɗaya. Na ƙarshen kashi shida kacal, komai a gurguje, masu kallo da yawa ba su ji daɗi ba.

Na Bakin Kasuwa: To malam su zauna jiransa har yaushe, yaran da ke cikin fim ɗin girma suke yi fa, ba kamar na takarda ba da za ka ajiye shekara goma ka dawo ka tarar da su yadda ka bar su. Nan kam ina tausaya masu. Amma na yarda na ƙarshen sauri ya haifi nawa.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode. Gobe zan kai mashi littafin farko majalisa, in ya gama sai mu sake zama. Badauriya don Allah ki tambayar mana kaka ko ita ma haka take amfani da karin maganar.

Badauriya: Allah ya yi mata rasuwa bara, sai dai in tambayi innata.

Ɗan Ƙofar Sauri: Ayya, Allah ya jiƙanta da rahama, ki yi haƙuri ban sani ba.