Abin da na tsinta a Agege kan bindigar gasar harbin nesa

Daren Asabar, bayan isha'i, muka zauna a Agege da wani dattijo tsohon soja da samari biyu masu bibiyar gasar harbin nesa. Tun farko Baba ya ja mana kunne: a Najeriya, in ba lasisi, ko kusa da bindiga kada a je.

Kan harsashi aka fi jan magana. Baba ya tsaya kai da fata a kan .308 Winchester na 1952: bututun bindigarsa na daɗewa, kuma a rukunin gasar da ake kira F-TR shi da .223 kaɗai aka yarda. Samarin suka ce 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, ya fi yanka iska a yadi 1,000, ga sauƙin bugun kafaɗa, sai dai yana cin bututu da wuri. Ni dai hujjarsu ta fi shiga raina.

Bututu kuwa a nemi mai kauri, don ya jure zafi. Baba ya zana murɗin cikinsa, mai sa harsashi juyawa, da yatsa a kan tabarma: zagaye ɗaya a inci 8 ga Creedmoor.

Bindigar kanta, mai ɗanawa da hannu, ƙirar Remington 700, saboda yawan kayan gyaranta. Ya ce a riƙa shafa mai, iskar tekun Legas na saurin kawo tsatsa.