Izinin rukunoni ya canza da kansa a Access, in kai ƙarar abokin aikina ko yaya?

Ummu_Rijista: Salam 'yan'uwa, dan Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan su taimaka min. Muna da tsohuwar ma'ajiyar bayanai ta manhajar Microsoft Access a wajen aiki, fayil ɗin mdb ne tun na zamanin Access 2003, yana cikin folda ɗaya da kowa ke shiga. Mu tara ne, kowa da sunansa da fasuwod ɗinsa. Akwai rukunin masu shigar da bayanai, akwai na masu dubawa kawai, sai Admins, wato rukunin masu kula da izini, da mu biyu ne a ciki, ni da wani abokin aikina. Ran Litinin wata cikin masu dubawa ta goge layi a teburin biyan kuɗi bisa kuskure, abin da bai kamata ma ta iya ba, na buɗe wajen izini sai na ga akwatunan rukuninsu wayam a kan teburin nan, amma rukunin Users an cike masa komai har da gogewa. Sauran teburan lafiya lau. Ni ban taɓa ba, shi ma ya rantse bai taɓa ba. Karo na biyu ke nan, na farko farkon watan jiya ne na gyara na yi shiru. Oga na son amsa ran Alhamis, ko dai a cire shi daga Admins ko a canza manhajar gaba ɗaya. Wallahi ba na son in zalunci kowa.

Sarkin_Waya: Bairos ne 'yar'uwa. Ki wanke kwamfutocin duka, kowa ya canza fasuwod, shi ke nan.

Mai_Lissafi: Ki saka wa fayil ɗin fasuwod mai ƙarfi ki daina ba kowa, ni haka nake yi.

Ummu_Rijista: Yaya Mai_Lissafi ai ba fasuwod ɗaya muke amfani da shi ba, na faɗa a sama kowa da nasa. Kuma wane bairos ne zai zaɓi tebur ɗaya ya bar talatin?

Tsohon_Akawu: 'Yata, ki tsaya ki ji nawa kafin ki je wajen oga. Ni aka yi wa abin da kike shirin yi wa wannan bawan Allah. Shekara shida ina riƙe da irin wannan ma'ajiyar a wani kamfani, ni ke rufe lissafin wata. Rana ɗaya aka ga masu karatu kawai suna iya sauya adadi a teburin bashi, aka duba wa ke cikin Admins sai ni da ɗan'uwan manaja, to kin san wa za a tuhuma. Aka kira ni ofis gaban mutum huɗu, an juyo da fuskar kwamfuta wajena, manaja na nuna min akwatunan da yatsa yana cewa in ba kai ba wa. Na ce a nuna min inda aka rubuta ni na yi, aka ce ai Access ba ya ajiye tarihin wanda ya canza izini, kuma gaskiya ne ba ya ajiyewa, amma maimakon wannan ya zama kariyata sai ya zama hujja a kaina. Aka karɓe mukullin ofis, aka mayar da ni ɗakin ajiyar takardu, wata huɗu na ajiye aikin don ba zan iya jure kallon da yara ke min ba. Bayan na tafi abin ya sake faruwa har sau biyu. Sai daga baya wani yaro ya gano maɓallin rufe wata ne, duk lokacin da aka danna shi yana goge teburin ya ƙirƙiri sabo da suna iri ɗaya. Har yau babu wanda ya kira ni ya ce ka yi haƙuri.

Mai_Lissafi: Innalillahi. Baba Allah ya saka maka.

Hajiya_Sakatare: Amin. Baba ai da ka kai su ƙara, shekara shida fa.

Tsohon_Akawu: Hajiya da wace takarda? Ni na rubuta takardar ajiye aiki da hannuna. Abin da ya fi min ciwo matata ma sai da ta tambaye ni ko da gaske ban taɓa ba.

Dogo_Kwamfuta: Abin da Baba ya faɗa shi ne na farko da zan duba. Sunayen mutane da rukunoni da fasuwod suna cikin wani fayil daban da ake kira mdw, amma izinin kansa yana cikin mdb, manne da kowane tebur. In aka goge tebur izininsa ya bi shi. Sabon da aka ƙirƙira ko da sunansu ɗaya bai gaji komai ba, yana ɗaukar abin da aka tanadar wa sababbin tebura ne, kuma in wanda ya gina muku bai cire wa Users wannan ba to Users na samun komai. Kowa kuma ɗan Users ne, ba a iya cire mutum daga ciki, sannan Access na ba mutum mafi yawan izinin da ya samu ta kowane rukuni. Shi ya sa yarinyar ta iya gogewa. Malama ki duba abu biyu, wa ke matsayin mai teburin yanzu, da ranar da aka ƙirƙire shi.

Sarkin_Waya: Ko dai aljanun ofis ne ke zama aikin dare 😂 a sa musu suna a Admins a huta

Injiniya_SQL: Duk ɓata lokaci ne. Microsoft da kansu sun cire wannan tsarin tsaron daga sabon fayil ɗin accdb tun Access 2007, mdb kawai ke ɗauke da shi. Wanda ya iya kwafe fayil ya tafi da shi gida ba abin da zai hana shi. Ku koma SQL Server Express, babbar manhajar ma'ajiyar bayanai ta Microsoft, kyauta ne, ko tsofaffin fitowarsa suna ɗaukar har gig 10, Access kuwa gig 2 ne iyakarsa. Kwana biyu an gama.

Hajiya_Sakatare: Kyauta ina? Mu da muka koma, wanda ya yi mana aikin ya ce sati ɗaya, sai da ya ci wata uku, kuɗin da aka biya ya ninka abin da ya faɗa da farko har sau uku saboda rabin fom ɗinmu sun daina aiki.

Injiniya_SQL: Hajiya an cuce ku ne. Manhajar kwashe bayanan ma kyauta Microsoft ke bayarwa.

Mai_Lissafi: Mu kam ko sisi ba mu biya ba, ƙanin oga ne ya yi a ƙarshen mako. Sai dai rahotanni biyu har yau ba sa buɗewa.

Dogo_Kwamfuta: Injiniya tambayarta Alhamis ce, kuma mutuncin mutum ne a kai. Ko sun koma gobe in maɓallin nan na goge tebur yana sake ƙirƙira, can ma izinin teburin zai tafi.

Injiniya_SQL: Malam ni da satifiket nake magana, ba tsohon abin da aka binne nake koya wa mutane ba.

Tsohon_Akawu: Ɗana satifiket ɗinka nawa ne ya taɓa zama gaban manaja ana tuhumarsa? Ka bar wanda ya san ciwon ya yi magana.

Hajiya_Sakatare: Ni dai a nan na fi yarda da wanda ya karanta tambayar tukuna.

Ummu_Rijista: Na duba yanzu hannuna har rawa yake. Mai teburin sunan abokin aikina ne, sauran teburan duk sunan wanda ya gina mana ne tun da can. Ranar ƙirƙira kuma 1 ga wannan watan. To wannan yana wanke shi ne ko kama shi yake? Don in na nuna wa oga sunansa kawai zai gani.

Dogo_Kwamfuta: Bai wanke shi ba bai kama shi ba, yana nuna da sunansa aka ƙirƙiri teburin ranar, ko da hannu ko ta maɓalli. Ki tambaye shi me yake dannawa farkon wata. Ki kwafe mdb da mdw gefe, ki gyara izinin a kwafin, ki shiga da sunanki ki danna abin nan, in akwatunan suka sake zama wayam kuma ke kika zama mai teburin to kin gama. Kar ki goge wani rukuni ki sake ƙirƙira da sunan gyara fa, in ba ki da ainihin lambar PID ɗinsa, wato lambar shaidar da aka ba shi lokacin ƙirƙirarsa, Access zai ɗauke shi baƙo ne duk da sunan ɗaya.

Ummu_Rijista: Wace lamba kuma? Mu ba a bar mana komai ba. Wanda ya gina ya tafi shekara biyar ke nan, waya ma ba ya ɗauka.

Hajiya_Sakatare: Ai nan gizo ke saƙar! Namu ma haka, ya tafi da komai a kansa, ko takarda ɗaya bai bari ba, ranar da mdw ɗinmu ya lalace kwana uku muna zaune muna kallon juna. Kuma in ka kira sai ya ce sai an sake biyansa kafin ya tuna.

Dogo_Kwamfuta: Alhali in da Security Wizard, manhajar saita tsaro ta cikin Access, ya yi aikin, a ƙarshe yana fitar da rahoto mai ɗauke da lambobin nan duka, bugawa kawai zai yi ya miƙa muku.

Mai_Lissafi: Da gangan suke ƙi, don a dinga nemansu.

Injiniya_SQL: Ba duka ba. Ni na taɓa rubuta bayanin miƙa aiki shafi ashirin, bayan shekara na koma na same shi ƙarƙashin firinta an tokare ƙafarta da shi. Ku ma ba kwa karantawa, kuma lokacin rubutun ba wanda ke yarda ya biya.

Tsohon_Akawu: Ni da na tafi babu wanda ya ce in miƙa komai, littafin da nake rubuta lambobin yana nan cikin akwatina har yau.

Ummu_Rijista: Dan Allah Malam Dogo, in kwafi mdw ɗin alhali mutane na ciki ko sai kowa ya fita? Gobe Laraba fa.