Neman kalma: na'urar leƙa cikin jiki mai sanin iyakar ƙarfinta

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Ranar Alhamis zan naɗi shiri a rediyo kan na'urar da Turawa ke kira endoscope, wato siririn bututun nan mai kyamara da fitila a baki da ake zurawa ta maƙogwaro ko ta dubura. Labarin na masu bincike ne da ke ƙera sabon samfuri wanda ke auna ƙarfin da ake tura shi da shi, ya hana a wuce iyaka, don kada a huda hanji. Sunan na'urar nake nema, da kuma na wannan aikin na tsare ƙarfi. Ku taimaka kafin daren Laraba.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Na'urar duba ciki.

Sista Ta Tiyata: A'a, Malam. Da ka ce duba ciki, matan da ke sauraro hoton ciki na masu juna biyu za su ɗauka. Mu a wurin aiki marasa lafiya cewa suke "za a sa mini kyamara", wasu su ce tiyon kyamara.

Injiniya: Kafin a raɗa suna, bari a san inda matsalar take. Babban hanji ya kai kusan mita 1.5, kuma yana da lanƙwasa, musamman ƙasa ta hagu inda ya yi gwiwa. Likita daga waje yake turawa, alhali bakin na'urar na can nesa. Kamar zura zariya ce a wando: kana turawa, kan ya tsaya, yadin sai tattarewa yake. Bututun ya naɗe, ya miƙe bangon hanji, mara lafiya ya ji zafi, wani lokaci ma, ko da yake ba kasafai ba, hanjin ya yage. Abin tsoron shi ne ƙarfin da hannun likita ke ji ba shi ne ke kan bangon hanjin ba. Shi ya sa ake sa ma'aunai a jikin bututun. Wasu kuma sun bar turi gaba ɗaya: a Jami'ar Leeds ta Ingila, ayarin Farfesa Pietro Valdastri ya ƙera wadda ke da maganaɗisu a baki, hannun mutum-mutumi riƙe da wani maganaɗisun yana janta daga saman cikin mutum. Sun wallafa aikin a 2020.

Malamin Nahawu: Suna ai yana nan a harshe: maleƙi. Buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi, goge ya ba mu magogi. Me zai hana leƙa ya ba mu maleƙi? Kalma ɗaya, ta gida, ba aro. Na tsare ƙarfi kuwa, maleƙi mai linzami.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, mai linzami ai ya riga ya yi gida. Kowa ya ji, makami mai linzami zai faɗo masa. A faɗa wa mara lafiya za a zura masa abu mai linzami?

Injiniya: Kuma linzami juya doki yake, hagu ko dama. Wannan tsohuwar na'urar ma tana yi, akwai abin murɗawa a hannun likita da ke lanƙwasa bakin. Sabon abin shi ne awon ƙarfi.

Malamin Nahawu: To a bar linzami. Amma maleƙi ban ga aibinsa ba.

Sista Ta Tiyata: Aibinsa a rubuce yake, Malam. Ba ma sa alamar karin sauti, don haka mai karatu zai iya ɗaukarsa mutum mai leƙe, kamar maɗinki ko marubuci. Wannan gwaji ne da mutane ke gudu saboda kunya. Na ga dattijon da ya zo da jini a bayan gida, ya sa hannu a takarda, da aka kawo bututun ya tashi ya ɗaura zaninsa ya ce ya fasa. Sunan da zai ƙara masa kunya ba na so.

Malamin Nahawu: Hajiya, a rediyo za a faɗa, kunne zai bambance. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da aka kawo kalmar gida sai a nemo mata laifi, ta Bature kuwa a haɗiye ta ba tauna. Haka za mu wayi gari jikokinmu ba su iya ƙirƙirar ko kalma ɗaya ba.

Bahaushen Sudan: Mu nan minzar muke cewa, daga Larabci, kuma kowa ya gane. Tun da allura ma daga Larabci ta zo, me ya rage?

Ɗan Damagaram: A nan likitoci da Faransanci suke faɗa. In aro za a yi, na wa za a ɗauka? Kullum na Najeriya ake ɗauka a ce shi ne daidaitacce, mu sai dai mu bi.

Malamin Nahawu: Ka ga dalilina ke nan. Aro raba mu yake gida uku, kalmar gida ce ke haɗa mu.

Injiniya: Asibiti da likita duk aro ne, Malam, ba su kashe Hausa ba. Ni endoskof zan rubuta wa ɗalibai, don shi za su tarar a takardun aiki.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah mu dawo kan ƙarfin. Matsi zan ce ko turi?

Injiniya: Turi. Matsi ya fi dacewa da iskar da ake hurawa don hanji ya buɗe, wannan awo ne daban. Kuma ki raba biyu: akwai wadda ke aunawa kawai ta gargaɗi likita, akwai wadda ke ƙayyadewa, ta tsaya da kanta in ƙarfi ya kai iyaka. In kin haɗa su, mai sauraro zai zaci duk na'urar ce ke yanke hukunci. Ki kuma faɗa musu yawancin waɗannan suna matakin gwaji ne, kada wani ya ƙi ta yanzu yana jiran sabuwa.

Mai Shirin Lafiya: To ga abin da zan karanta: "na'urar leƙa cikin jiki, wadda aka fi sani da tiyon kyamara, mai aunawa da ƙayyade ƙarfin turi". Zan ambaci endoskof sau ɗaya a farko.

Sista Ta Tiyata: Ya yi. Ki dai rage maimaita leƙan.

Malamin Nahawu: Wannan bayani ne, 'yata, ba suna ba. Ƙarfin turi na amince da shi. Ki yi shirinki tun da lokaci ya ƙure, amma ni a ajina maleƙi zan koyar.