Ƙwace Ne Ko Sayen Dole? Neman Sunan "Eminent Domain"

1/ 'Yan uwa masu fassara, ku matso mu yanke wannan magana. Lauyoyin Amurka suna da abin da suke kira "eminent domain", wato ikon hukuma na karɓar gida ko gonar mutum don aikin jama'a, ko ya so ko ya ƙi. Mu kuma kullum a rediyo sai ka ji "gwamnati ta ƙwace filaye". Wannan kalma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

2/ Ƙwace fin ƙarfi ne, ba biya ba ba'asi. Shi kuwa wannan iko tun fil'azal tare yake tafe da diyya. Hugo Grotius, masanin shari'a ɗan Holan, da ya raɗa masa suna da Latin a 1625, ya haɗa shi da sharaɗin biya. Faransawa a shelarsu ta 'yancin ɗan Adam ta 1789, sashe na 17, suka ce sai an biya diyya ta adalci tukuna a karɓa. Amurka ta sa makamancin haka a gyara na biyar na tsarin mulkinta a 1791. Namu na Najeriya na 1999, sashe na 44, ya wajabta biyan diyya ba jinkiri, ya kuma ba mai dukiya damar zuwa kotu in kuɗin bai yi masa ba.

3/ Ranar da aka shafa jan fenti a katangar kawuna za a faɗaɗa titi, na same shi a zaure bisa buzu, carbi a hannu. Ya ce, "Ɗana, an ƙwace, sai haƙuri." Ko takardar ƙiyasi bai nema ba. Kalmar ce ta fara sanyaya masa gwiwa, tun kafin katafila ta iso.

4/ "Karɓe" ba ta ɗauke da maganar kuɗi. "Karɓa don maslahar jama'a" daidai ce, sai dai tsawo.

5/ Ni na tsaya a kan "sayen dole". Da ka ce saye, kowa ya san akwai farashi. Da ka ce dole, an san ba shawararka ake nema ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: da Sayyidina Umar zai faɗaɗa Masallacin Harami, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu.

6/ Lauya zai ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna, izinin zama yake sokewa, gini da shuka ake biya, ban da ƙasar kanta. Gaskiya ne. Wannan mataki mu kira shi "soke izinin zama", sunan ikon gaba ɗaya kuma ya zauna sayen dole.

7/ Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku da takardunku ke cewa "expropriation", yaya manoma suke faɗinta a wajenku?