Kujera ta biyu a ƙungiyar Red Bull ta tseren motoci na Formula 1: direbobin ne ba su iya ba, ko shugabanni ne suka gaza?

Ɗan Kwana:

Salamu alaikum. Tunda kakar 2025 ta ƙare, an kuma sanar cewa Isack Hadjar ne zai zauna kusa da Max Verstappen, babban direban ƙungiyar, a 2026, ina so masana su warware mini wani abu. Daga lokacin da Ricciardo ya koma Renault a ƙarshen 2018, mutum biyar aka ɗora a kujerar nan: Gasly, Albon, Pérez, Lawson da Tsunoda. Duk an sauke su. A 2025 Red Bull ta tara maki 451, amma 421 daga ciki na Verstappen ne, Tsunoda ya kawo 30 kacal. Mercedes ta kere musu da maki 18 ta ɗauke na biyu a gasar ƙungiyoyi. Shin Horner (shugaban ƙungiyar a lokacin) da Marko (mai ba ta shawara kan direbobi) ba su iya zaɓe ba ne, ko motar ce ba ta tuƙuwa sai a hannun mutum ɗaya?

Mai Sifana:

Wa alaikumus salam. Ka fara da motar, sannan ka zo kan mutane. Verstappen yana son mota mai kaifin gaba: da ka taɓa sitiyari hancin ya shige kwana nan take. Farashin haka shi ne baya ya zama sako-sako, musamman lokacin da direba ke sakin birki a hankali yana shiga kwana. Shi yana jin bayan zai zame tun kafin ya zame, sai ya gyara. Albon ya taɓa kwatanta abin da linzamin kwamfuta da aka ƙure wa sauri, ka ɗan motsa ya tsallake allon gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake cin direba na biyu. Ya ji bayan yana rawa, sai ya ce injiniyoyi su rage kusurwar fiffiken gaba ko su tausasa baya. Motar ta natsu, amma yanzu gaba ya ƙi juyawa a tsakiyar kwana, dole ya jira kafin ya taka totur. Tayoyin gaba suna gurzar kwalta, zafinsu ya wuce ƙima, riƙo ya ragu. A kowace kwana ya bar ɗan abu kaɗan, a ƙarshen zagaye ya tashi da rabin daƙiƙa. A 2023 wannan bai dami kowa ba, domin motar ta yi wa sauran nisa, Pérez ya gama na biyu da maki 285 duk da Verstappen na da 575. A 2025 da motoci suka matso kusa da juna, rabin daƙiƙa kan iya jefa ka daga layin gaba zuwa waɗanda ake sallama tun zagayen farko na neman gurbi, wato fafatawar da ke tsara layin tashi a tsere.

Laifin shugabanni a nan shi ne sun daɗe suna ɗaukar koken direba na biyu a matsayin uzuri. Sai da Verstappen da kansa ya shiga kuka da motar a tsakiyar 2024, ya yi tsere goma a jere bai ci ba, sannan aka yarda akwai matsala a daidaiton gaba da baya.

Hajiyar Tsere:

Malam Mai Sifana, bayanin motar ya yi, amma kada ya wanke Marko da Horner. Mu duba abin da aka yi wa Lawson. A Disamban 2024 aka ɗauko yaro mai tsere 11 kawai a Formula 1, aka tsallake Tsunoda mai kaka huɗu. Gwajin Baharen na kafin fara kaka kwana uku ne, direbobi biyu ke raba mota ɗaya, wato kwana ɗaya da rabi ya samu. Tseren farko Melbourne, filin da bai taɓa tsere a kai ba, ya rasa atisaye na uku saboda matsalar inji, ranar Lahadi kuma ga ruwan sama. Na biyu Shanghai, shi ma baƙon fili, kuma makon gajeren tsere ne, atisaye na awa ɗaya tak. Ya zo na ƙarshe a neman gurbi sau biyu, babu musu. To amma tsere na uku Suzuka ne, inda ya sani tun yana gasar Super Formula ta Japan a 2023. Nan ne ya kamata a auna shi, sai aka sauke shi kafin a je.

Ɗaya daga biyu ne: ko zaɓen Disamba kuskure ne, ko saukewar Maris kuskure ce. Mutanen da suka yi na farko su suka yi na biyu.

Batun Pérez ma haka. A watan Yunin 2024 aka ƙara masa kwantiragin shekara biyu alhali ya fara zamewa, wai don hankalinsa ya kwanta. Wata shida bayan haka aka rabu. A daidai lokacin Sainz yana kasuwa ba shi da kujerar 2025, har ya ƙare a Williams. An yi ta cewa tsamin dangantakar ɓangaren Sainz da na Verstappen tun zamansu a Toro Rosso, ƙaramar ƙungiyar Red Bull, a 2015 ne ya hana. In haka ne, an fifita zaman lafiyar gareji a kan maki 77 da McLaren ta ba su rata a shekarar.

Baba Birki:

Hajiya, ni ban ga laifin saurin sauke direba ba, tsarin nan ne ya ba su Verstappen. A 2016 aka mayar da Kvyat ƙaramar ƙungiyar bayan tsere huɗu, aka hau da Verstappen yana ɗan shekara 18, ya ci tseren Sifaniya a fitarsa ta farko. Kowa ya ce rashin imani ne a lokacin.

Kuma mutane suna manta aikin mota ta biyu. Ba a ce ta doke Verstappen ba, ana so ta kasance cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai na gaba, wato kimanin lokacin da ake asara a tsayawar canjin taya. In tana wurin, abokin hamayya ba zai iya shiga ya sa sabuwar taya ya fito a fili ba. Hangari 2019 ita ce misali. Verstappen na gaba, Hamilton na bin sa, bayansu wayam. Mercedes ta kira Hamilton karo na biyu ba tare da ya rasa matsayi ba, ya dawo da sabuwar taya ya wuce a zagaye na 67 cikin 70. Gasly yana can na shida, har an yi masa zagaye. A hutun da ya biyo baya aka sauke shi, yana da maki 63, Verstappen 181. Wane shugaba ne zai yi haƙuri da wannan?

Mai Sifana:

Baba, Gaslyn nan fa ya ci Monza a 2020 da ƙaramar ƙungiyar. Albon ya farfaɗo a Williams. Lawson da aka mayar ya gama na biyar a Baku a 2025, gaban Tsunoda da ke cikin babbar motar. Mutum uku ba za su manta tuƙi a Milton Keynes, hedikwatar Red Bull, su tuno shi da sun fita ba.

Akwai kuma abin da dokar kashe kuɗi ta jawo. Albashin direbobi ba ya cikin ƙayyadadden kasafin, amma kuɗin gyaran ɓarna yana ciki. Direba ya daki bango, kamar yadda Tsunoda ya yi a Imola, sabon ƙasan mota da fiffike sun tafi, sauran kayan da ke akwai kuma na Verstappen ne. Sai ya yi makonni da tsohon samfuri, ratar ta ƙaru, a ce bai iya ba. A 2025, dokar gwaji da tsofaffin motoci ma ta taƙaita direban da ke tsere ga kilomita 1,000 a shekara, kuma motar sai ta kai shekara biyu, don haka ba inda zai koyi halin sabuwar motar sai a atisayen ranar Juma'a.

Hajiyar Tsere:

A ƙara da ficewar manya: Rob Marshall ya tafi McLaren, Newey ya tafi Aston Martin, Wheatley ya tafi Sauber, duk bayan rasuwar Mateschitz, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Red Bull, a Oktoban 2022. An cire Horner a Yulin 2025 bayan shekara ashirin, Mekies ya karɓa, aka kawo sabon ƙasan mota a Monza, Verstappen ya taso har ya rasa kambu da maki biyu a hannun Norris na McLaren. Amma ko a wannan farfaɗowar Tsunoda bai matso ba, nan kam Baba yana da hujja.

Hadjar yana da abin da sauran ba su samu ba: dokoki sabbi a 2026, mota sabuwa ga kowa, injin da Red Bull ta ƙera da haɗin gwiwar Ford, ga Marko ya tafi. Abin da zan sa wa ido shi ne ratarsa da Verstappen a neman gurbi cikin tsere shida na farko, da kuma ko ana ba su kaya iri ɗaya a mako ɗaya. Ƙasa da kashi uku cikin goma na daƙiƙa, a bar shi ya gama shekara.

Baba Birki:

Kashi uku na yarda. Shida ɗin ne ban tabbata za su jira ba.