Shin doka ta yarda a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda shekarunsa?

Ummu Khalifa, Rikkos:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kammala jami'a yana da shekara 29, bayan yajin aikin malamai na 2020 da na 2022 sun cinye masa kusan shekara ɗaya da rabi. Yanzu duk sanarwar ɗaukar ma'aikata ta banki da ya gani, sai ta ce kada mai nema ya haura shekara 26 ko 27. Ina roƙon masana shari'a su yi mana bayani, shin wannan sharaɗi ya halatta a Najeriya?

Lauyan Gangare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu wata dokar tarayya da ta fito ƙarara ta haramta shi. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba, ita ma Dokar Ƙwadago ta yi shiru a kai. Ƙofar da ta rage ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki tare da la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Sai dai kafa hujja ya fi wuya ga wanda ba a ɗauka ba, domin da wuya a rubuta masa dalilin ƙin ɗaukarsa.

Malam Abban Sadiya:
A 2023 Majalisar Dattawa ta zartar da ƙuduri a kan hana wannan sharaɗi, amma ƙuduri ba doka ba ne, ba ya hukunta kowa. In an tashi yin dokar, kada a kwafo ta Amurka ta 1967, domin 'yan shekara 40 zuwa sama kaɗai take karewa, alhali mu matasa ne ake rufe wa ƙofa. Ta Birtaniya ta 2010 ta haɗa yaro da babba.

Baba Mai Ritaya, Bukuru:
'Yata, abin da nake jiye masa shi ne masu ba shi shawarar ya je kotu ya yi rantsuwar rage shekaru. Kada ya yarda. Ranar haihuwarsa tana nan a rajistar NIN da takardun makaranta, kuma duk ranar da aka tantance ma'aikata aka ga saɓani, korar sa za a yi da tabon ƙarya.